Ruwan Inna Bai Taɓa Yin Sanyi Ba

Shekarun baya, baya can da nisa, lokacin Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar nan ba, na taɓa fita daga ɗakin jego ban cika arba'in ba, na je na tsaya a gaban mazan garinmu na faɗi maganar da mace ba ta faɗa. Har yau ban ba kowa haƙuri a kanta ba. Waɗanda suka so in ba su duk ƙasa ta rufe musu ido, Allah ya ji ƙansu, ni kuwa ga ni zaune ina ba ku labari.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu, ba nisa da Dutse, inda dabino ya fi gidaje yawa. Mahaifiyata ita ce ungozomar garin. Duk wanda ya tashi a nan, askarta ce ta yanke masa cibiya, hannunta ne kuma ya yi wa uwarsa wankan jego. Ku 'yan yanzu kuna tsoma yatsa a ruwa ku ce ya yi zafi. Wankan da nake faɗa muku, ƙatuwar tukunya ake ɗorawa safe da yamma, ruwa ya tafasa yana juyi, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa wa mace a jiki har kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Abin da muka tashi muka tarar shi ne, haihuwa tana buɗe jikin mace, in ba a gasa ta da kyau ba sanyi ya shige ta. In ya shige kuwa, sai ciwon mara, sai zubar ruwa, daga nan haihuwa ta tsaya. Itacen wankan kuma miji ne ke tara shi tun ciki yana wata bakwai. Ku riƙe maganar itacen nan, za ta dawo.

Ni ce autar Inna. Kun dai san auta, bakinta ba linzami.

To, a shekarun nan ne haraji ya daina karɓar damin dawa, ya ce sai kuɗin Bature. Sai maza suka koyi sabuwar tafiya. Da an gama girbi su ɗaura ƙunshi su nufi kudu, ƙasar kuza, su yi rani suna haƙa, sai hadari ya fara haɗuwa su dawo. Mijina ya tafi ina goyon 'yata ta fari, wani ranin ma ya sake komawa. A lokacinmu mai shayarwa ba ta zuwa turaka sai ta yaye, shekara biyu cur. Ni ina nan ina kiyaye nonon 'yarsa, shi yana can bariki, Allah kaɗai ya san abin da yake kiyayewa.

Ya dawo mini da jan bargo da ɗan madubi. Na yi ta ɗaga kai a bakin rijiya kamar ni na haƙo kuzar. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, in ya zaga bayan ɗaki zai yi fitsari, sai in ji danga tana motsi, ya rungume ta yana nishi kamar ana zare masa ƙaya. Sau ɗaya na tambaye shi.

Ya ce, "Iskar ƙasar can ce ta buge ni. Ba ruwan mace da wannan."

Da sassafe kuma in ga ya bi ta bayan gidan wanzami, ya dawo da jiƙo a gora, ya ɓoye a ƙarƙashin rumbu.

Na yaye yarinya na koma ɗakinsa. Ba a yi wata ba marata ta fara murɗawa, fitsari ya zama barkono, ga wani ruwa da nake jin kunyar zanena a kansa. Na yi shiru, don wa za ki gaya wa? A haka ciki ya shiga, a haka na haifi ɗa namiji a hannun Inna, tubarkalla, ƙato. Kwana uku sai idanunsa suka kumbura, suka manne da mugunya. Inna ta ɗiga masa nonona, ta wanke da ruwan ɗumi, ta shafa kwalli. Kafin a juya sun sake cika.

Ranar suna, mata sun cika tsakar gida ana rabon dabino da goro, uwar mijina ta ɗauki jaririn ta juya shi kowa ya gani. Ba ni ta kalla ba, Inna ta kalla.

Ta ce, "Ungozoma, wannan aikin wa?"

Inna ta ce, "Aikin Allah ne, Iya."

"Allah bai hana ruwa tafasa ba. Tun jegon fari ba ki gasa yarinyar nan ba, sanyi ya zauna mata a mara, ga shi ya fito ta idon jikana. Itacen da ɗana ya tara ya kai tsayin danga. Ina ya tafi? Ko murhun gidanki ne ya ci rabi?"

Sai wata tsohuwa daga gefe ta ce, ai surukarta ma tun wankan fari ba ta ƙara ko ɓatan wata ba. Wata ta ce tata kullum a duƙe take da mara. Wata ta ce jikanta ma da irin wannan ido ya zo, yanzu ba ya gani. Kafin a ɗauke tabarmi, matar da ta yanke cibiyar rabin waɗanda ke wurin ta zama ɓarauniyar itace mai mugun hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Inna ta yarda. Ba ta yarda ta saci itace ba, wannan ko a mafarki. Amma ta yarda wai ƙila tsufa ya sa hannunta ya yi sanyi, wai ƙila tausayi ya sa take sassauta wa 'yan mata. Washegari ta ɗora tukunya ta zuba mata itace kamar za ta dafa ƙarfe. Da, takan bar ruwa ya ɗan sha iska kafin ta fara. Ran nan daga wuta sai bayana. Na yi ƙara, na ce, "Inna, za ki kashe ni!"

Ta ce, "Daure, Auta. Gara fata ta tashi da mahaifa ta mutu."

Tana fyaɗawa tana hawaye. Kwana biyar ana haka. Bayana ya yi bororo ya fashe, na koma kwanciya rub da ciki, marar kuwa ko gezau. Ana cikin haka mai gari ya aiko aka karɓe askarta, aka ce kada ta ƙara karɓar haihuwar kowa sai an zauna ranar Juma'a bayan la'asar. Kowa ya san abin da zaman zai haifar. Za a ɗauko wata daga wajen Miga, ita kuma Inna ta ƙarasa kwanakinta ana nuna ta da baki. Ranar da aka karɓi askar ta zo ta zauna a bakin ƙofata, ta ɗora hannuwa a cinya tana kallonsu kamar ba nata ba.

Maijego ba ta fita, amma duk matan gari suna zuwa mata sannu. Ta nan Allah ya buɗe mini ido. Wata ƙawata, amarya ce shekararta ɗaya a ɗaki, ta zo ta zauna a bakin gado ta jira aka fita, sannan ta sunkuyo.

Ta ce, "Ke, irin ruwan nan da ake cewa, mai wari ne? Da zafin fitsari?"

Na ce, "Shi ne. Wa ya gaya miki?"

"Jikina ya gaya mini. Wata uku ke nan."

Na ɗago kai duk da zafin baya. Na ce, "Yo ke yaushe kika haihu, balle a yi miki wanka?"

Nan take na tuna wani abu. Mijinta da nawa tare suka ɗaura ƙunshi, tare suka dawo. Tana fita sai ga matar maƙeri ta shigo da goyonta na biyar, jiki luƙwi, tana dariyarta mai cika ɗaki. Duk biyar ɗin Inna ce ta yi mata wanka, da tukunyar nan dai, da hannun nan dai. Mijinta kuwa bai taɓa wuce kasuwar Dutse ba.

Ban yi allo mai nisa ba, amma na san in akuya ta shiga gona ta wace kafa ta bi. Sai dai sanina ni kaɗai ba zai dawo da aska ba. Kuma babu macen da za ta tsaya a gaban maza ta ce ga abin da ke cikin zanenta, ko za a yanka ta.

A lungun ɗakina akwai ƙwallayen dabinon suna da aka share aka tara. Na sa aka miƙo mini ƙoƙo biyu, ɗaya tsoho da hayaƙi ya baƙanta, ɗaya sabo fari, na ajiye su bayan randa na rufe da faifai. Duk matar da ta shigo sannu, in mun rage mu biyu, sai in ce mata, "Zan juya wa bango fuska. In lafiyarki ƙalau, ki tashi ki tafi abinki. In kina da irin ciwona, ki ɗauki ƙwallo ɗaya. Mijinki ya taɓa zuwa kuza, ki jefa a baƙin. Bai taɓa ba, ki jefa a farin. Ba zan waiwayo ba, na rantse da nonon da nake shayarwa."

Wasu suka ce, "Ke Auta, ba ki da kunya!" Na ce kunyata tana bayana, ta tashi da fatar. Wasu suka yi tsaki suka fita, can an jima su dawo wai sun manta mayafi. Na bar tarin ƙwallayen kusa da ƙofa yadda kowa sai ta bi ta wurin, mai jefawa da marar jefawa. Kwana huɗu ina kwance fuskata a bango, ƙafafu suna shiga suna fita. Ban ɗaga faifan ba sai safiyar Juma'a. Da na ɗaga, sai na zauna a ƙasa daɓas. Ban taɓa zaton mun kai haka ba. Kowace tana ɗakinta tana cizon zane, tana ganin ita kaɗai ce Allah ya jarraba.

Bayan la'asar na goya ɗana a gaba, don baya ba ya goyuwa, na ɗora ƙoƙo kan ƙoƙo a ka, na fita. Uwar mijina ta biyo ni har ƙofa tana tafa hannu.

"La'ilaha! Maijego a waje? Iska za ta shige ki!"

Na ce, "Iya, wadda za ta shige ni ta riga ta shiga, kuma ba ta ƙofar nan ta biyo ba."

Kada ku zaci ni jaruma ce. Ina warin kanwa da hayaƙi, har na isa zauren mai gari na manta yadda ake gaisuwa. Maza sun cika wurin. Ga liman, ga wanzami, ga mijina can jingine da bango. Inna tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

Mai gari ya ce, "Ke 'yar nan, wa ya kira ki?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya kira ni. Ciwon a jikina yake, na ga bai kamata a yi shari'arsa ba ni ba."

Liman ya ce, "A bar ta ta faɗa. Mai ciwo shaida ce."

Na bayyana musu yadda na yi da ƙwallayen. Na kife farin ƙoƙo a kan tabarma, ƙwallo biyu suka faɗo. Na kife baƙin, suka zubo suka watsu, wasu har ƙarƙashin buzun liman.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tukunya ɗaya ce ta yi wa matan ƙoƙon nan biyu wanka. In hannun Inna ne, me ya sa ya san gidan da aka je kuza ya tsallake wanda ba a je ba? Kuma a cikin baƙin nan akwai waɗanda ko ɓari ba su taɓa yi ba. Su kuma wane ruwa ne bai tafasa musu ba?"

Wani ƙanen mai gari, shi ma ɗan kuza ne, ya yi dariya ya ce, "Yau ga ikon Allah, dabino ya zama alƙali. To su wa suka jefa? Kama suna."

Na ce, "Don ba shi da baki na zaɓe shi. Ni ma ban gani ba."

"To biyun can fa? Ai mazansu ba su je ko'ina ba."

"Wannan ku maza kun fi ni sanin hanyoyin da ake bi. Ni ƙofa ɗaya na sani."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Wani dattijo ya ce duk da haka ruwa in bai yi zafi ba dole sanyi ya shiga, haka kakanni suka ce. Sai na juya musu baya, na sauke mayafina zuwa kafaɗa. Na ji wani ya ce subhanallahi.

Na ce, "Ga ruwan da kuka ce bai tafasa ba. Ya cire fata, bai cire ciwon ba." Na mayar da mayafi na juyo. Daga nan ne bakin auta ya ƙwace mini. "Tambaya ɗaya ta rage, ranka ya daɗe. Mazan garin nan da ke rungumar danga in za su yi fitsari, su kuma wace ungozoma ce ta yi musu wankan jego?"

Kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya juya wajen wanzami.

"Sarkin Aska, akwai wannan magana?"

Wanzami tsoho ne mai wayo. Ya sosa gemu ya ce, "Allah gafarta Malam, aska ba ta faɗin abin da ta gani a ka. Amma dai tun da aka fara tafiyar nan, saiwar jiƙona ba ta kwana. Kuma ban taɓa sayar wa mace ba."

Mai gari bai ce an yi kuskure ba. Manya ba sa cewa. Ya dai sa hannu ƙarƙashin buzu ya ciro askar a naɗe cikin tsumma, ya ce a miƙa wa ungozoma, matar wane tana kan gwiwa kada a tsaya surutu. Shi ke nan shari'ar.

Ni kuwa na biya. Ranar da na cika arba'in mijina ya sallame ni, wai na tsiraita shi a gaban mutane, alhali ko sunansa ban kama ba. Na bar masa bargonsa, na ɗauki madubin, don ni na saba da shi. Ɗana ya tsira da ido ɗaya, kuma da shi ya ga jikokinsa. Ban ƙara haihuwa ba. Maganin ciwon na gaskiya, allurar asibiti, sai da furfura ta fito mini sannan ya iso ƙasar nan. Tafiyar kuza ma ba a daina ba, kada in yi muku ƙarya. Amma daga ranar, in mace ta kwanta da mara a garinmu, ba a ƙara tambayar wa ya yi mata wanka ba. Sai a yi ƙasa da murya a ce, ina maigidan ya yi rani?

Askar nan daga baya hannuna ta dawo, na yi shekaru ina yanke cibi da ita. Abin da na gani a ɗakunan mata ya ishe ni in ce muku ciwon nan ya fi yadda ake zato yawa, kuma shiru ne abincinsa. Har gobe in na ji an ce wance tana da sanyi, an haɗa ta da jiƙe-jiƙe ita kaɗai, sai in ce a kawo mijin a duba su tare. A ce tsohuwar nan ba ta da kunya. Oho dai. An faɗa mini haka a zauren da ya fi naku cika.

Amma in kun tambaye ni abin da na fi tunawa, ba zauren ba ne. Yammacin ran nan ne, bayan Inna ta karɓi haihuwar da aka kira ta, ta dawo ta ɗora mini tukunya kamar kullum. Ba ta ce na gode ba, ba ta ce yi haƙuri ba, mu ba mu saba da wannan ba. Ruwa ya tafasa ta sauke. Ta daɗe tana kallon bayana. Sai ta je randa ta ɗebo ruwan sanyi ƙwarya guda, abin da ba ta taɓa yi wa maijego ba tun da take, ta zuba a ciki a gaban uwar mijina, ta juya da hannunta.

Ta ce, "Matso, Auta."